Ƙasar Gonarmu a Cikin Kwalba

A shekarar da buhun takin zamani ya gagari kowa a garinmu aka tura malamin kimiyyarmu bita a Kano. Ya tafi da alli a aljihu, ya dawo da buhun kwalabe da muƙamin shugaban malaman kimiyya na yankinmu. Har tafiyarsa ta canza, kai ka ce da shi aka yi shawarar kafa duwatsu.

Amma da sharaɗi: sai ya tara malaman makarantun kewaye ya gwada musu abin da ya koyo. In darasin ya watse, a ba wani muƙamin. Sai ya ce mu 'yan aji biyu kowa ya ɗebo ƙasar gonarsu a gwangwani.

Malam ya manta inda yake. A wajenmu gona manne take da gona, kuma ba a ɗiban ƙasar mutum sai in asiri za a yi masa ko filaye za a yanka. Da na gaya wa Baba, sai da ya mayar da lomarsa kwano.

"Ƙasata? Wadda na ƙare rani ina kai mata takin awaki a jaki? Me zai yi da ita?"

"Jiƙawa zai yi, Baba."

"In ya jiƙa, wa zai sha?"

Ranar taron iyayenmu maza da kansu suka zo, kowa rungume da gwangwaninsa kamar jariri. Baƙin malamai na zaune, Malam yana gumin da zai iya shayar da kadada guda.

Ya rusuna gaban Baba ya ce, "Baba, a kan idonka zan yi."

Ya zuba ƙasarmu a kwalba, ya ƙara ruwa, ya girgiza, muka zuba ido. Yashi ya kwanta ƙasa, laka ta hau kansa, wani baƙin abu ya taso sama.

Baba ya leƙa. "Wannan baƙin fa?"

"Takinka ne. Shi ke riƙe wa gero danshi."

Baba ya gyara hula, ya dubi maƙwabcinmu. "Alhaji, miƙo taka mu gani."

Ta Alhaji ta fito fara fat, kamar yashin rafi.

"Kwalbar ce ba ta da kyau!" in ji shi. "A sake!"

Har azahar ana layi ana gardama, baƙin malamai na rige-rigen karɓar kwalabe. Muƙami ya zauna wa Malam daram. Baba kuwa ya ɗauki tasa, ruwa da komai, ya kai gona ya juye daidai inda ya ɗiba.