Ruwan Shuka Ya Sami Ja'afar a Ɗakin Saba

Malam Ja'afar mutumin Kurfi ne, amma rabin rayuwarsa a kan hanyar Dutsin-Ma ta ƙare. Da gyaran rediyo ya fara a bakin kasuwa, sannan ya koyi kwamfuta, har wata makaranta mai zaman kanta a Dutsin-Ma ta ɗauke shi ya kula da saba, manyan kwamfutocin da ke riƙe da sakamakon ɗalibai. Biyu ne, suna ja tare kamar shanun huɗa, sai dai ɗaya ta daɗe a kwance tana jiran kayan gyara. A cikin mai ran akwai jerin fayafai, da wani kati wanda shi kaɗai ya san yadda aka rarraba bayanai a kansu.

Ja'afar ba mai roƙo ba ne. Hutu ɗaya yake nema a shekara, ranar da ruwan shuka ya sauka, don gonar da ya gada a bayan Kurfi.

Da bazara ta tsananta, mai makarantar, Alhaji Nu'uman, ya leƙa ɗakin ya ji sanyi.

"Malam Ja'afar, ƙarfe kake sanyaya wa, iyayen yara na can suna zufa?"

"Alhaji, su iyayen suna iya fifita."

Alhaji ya yi dariya, ya ce ashe Malam na da barkwanci. Washegari aka cire esin da ke sanyaya ɗakin aka kai ɗakin baƙi, aka kawo fanka.

Ruwa ya sauka mai kyau. Da safe Ja'afar ya saɓa sungumi, matarsa Rahamatu na auna irin gero a ƙwarya, sai waya ta yi ƙara. Madam Veronica ce, mai kula da jarrabawa.

"Malam, abinka ya mutu. Ba sunan yaro ko ɗaya, ga iyaye na zuwa."

Ya jingine sungumin ya tafi bakin titi. A makaranta ya tarar zafi ya kumbura batirin katin, ya kashe katin. Sabo kuma sai Kano. Direban da aka ba wa saƙon bai iso ba sai washegari da la'asar.

Ja'afar ya kashe na'urar, ya zare mataccen, ya yi bisimilla ya soka sabon, ya mayar da kowace waya inda take. Da ya kunna, allo ya tambaye shi ko ya karɓi tsarin da ya tarar a kan fayafan ko ya share. Ya daɗe yana dubawa kafin ya danna karɓa. Sai ga shi faifai ɗaya ma ya tafi, dole na'urar ta sake gina shi daga sauran, a hankali, kamar mai tsinar tsakuwa a shinkafa.

"Ai ya tashi, je ka gonarka," in ji Madam Veronica.

"Madam, mai gadinmu ba ya barin janareto yana ci da mai in ba kowa a ciki. Haka aka koya masa. In ya kashe, mun koma farko."

Don haka ya zauna ya zama kowan. Ya shimfiɗa tabarma kusa da fankar, yana salla a nan, yana cin abinci a nan. Rahamatu ta kira ta ce maƙwabta duk sun gama shuka. Ya ce mata to.

Ranar da aka gama, sunayen yara suka dawo cif. Alhaji ya ce aikin ashe ba wuya.

Ja'afar bai biya gida ba, gona ya wuce. Geron maƙwabta ya fara tsaga ƙasa. Ya tsuguna ya tura yatsa, ya ƙara turawa, ba danshi. Rahamatu ta iso da ƙwaryar irin a kai.

"Malam, mu zuba haka nan?"

Ya dubi gabas, sama fes.

"Mayar da shi gida. A jira ruwa na biyu."