Buhu Uku a Kan Kwalta

Ranar wata Asabar ce cikin bazara, shekarar da nake aji huɗu a firamare, na durƙusa a ƙofar gidanmu a Gummi da sassafe na ɗora tafin hannuna a kan sabuwar kwalta. Na ji ta da sanyi, sumul, ko ɗigon baƙi bai taɓa ni ba. Kwana uku ke nan da masu aikin hanya suka share tsohon titin layinmu da ya farfashe, suka cike ramukan, sannan wata mota mai tanki ta bi tana fesa baƙin ruwa mai wari har ƙarshen layi. Mu kuwa yara muka watsar da carafke da 'yar gala-gala muka yi ta bin su a baya kamar masu rakiyar amarya. Na ruga cikin gida ina haki na ce wa Inna, "Ta bushe, wallahi ta bushe!"

A daminar da ta wuce kogi ya yi ambaliya ya shanye gonar Baba ta fadama. Buhu uku na shinkafa kawai aka tsira da su, su ne abincinmu har wata kakar, ga shi ƙwari sun fara shiga cikinsu. Shi ya sa Inna ta yanke shawarar ta turara su gaba ɗaya a kai inji. Tsakar gidanmu kuwa ba wurin shanya, tabarma biyu sun cika ta, ga awaki, ga kaji marasa kunya. Dama can a bakin titi matan layinmu ke shanya, sai dai su ba sa fita, mu 'yan mata ake aikawa. Mu ne ƙafafunsu, mu ne idanunsu. Abin da na faɗa wa Inna shi ke nan abin da ta sani game da titin da ke ƙofar gidanta.

Ni da ƙanwata Hajaru muka yi ta jido a kwano, shinkafar na tururi a kanmu, muka baje ta kai tsaye a kan kwaltar ba tabarma, ba buhu. Har wani alfahari nake ji, don a karon farko shinkafarmu za ta fita ba yashi ba tsakuwa. Muka zauna gindin darbejiya da tsumagiya muna korar kaji. Da rana ta take tsaka na tashi in juya ta da ƙafa kamar kullum, sai na ji ƙafar ta liƙe. Zafi ya narkar da kwaltar, ta taso ta riƙe shinkafar gam. Na sa hannu na kwaso, sai ga dunƙule baƙi mai warin kananzir. Na yi ta kankara da murfin kwano ina kuka har fatar yatsuna ta saɓule. Abin da muka ceto daga sama-sama bai cika buhu ɗaya ba, shi ma da aka dafa ko Hajaru da ba ta zaɓen abinci ta kasa haɗiyewa.

Inna ba ta taɓa yi mini duka irin na ranar ba. Tana duka tana cewa, "Mi kinka gani da idonki? Ke ba ki da hankali ne, ɗiyag ga?" Baba ya dawo da la'asar, ya tsaya ya kalli titin tsawon lokaci, ya shige ɗaki. Bayan kwana biyu tifa ta zo ta zuba tsakuwa a kan abincinmu na shekara, motar daɓe ta bi ta danne. Shekarar nan kunun dawa tsararo muka sha, na safe daban, na dare in an samu. Kafin ruwa ya sauka Baba ya bi masu haƙar zinare zuwa Bagega, gonar ta koma hannun wani. A makaranta kuwa sunana ya koma Mai Tuwon Kwalta, har malamai sun sani. Duk wanda ya yi hamma a gidanmu, ni ake harara.

Sai bayan rasuwar Baba, ina da 'ya'ya biyu, Inna ta gaya mini gaskiya muna tsince wake. Ashe tun ranar feshin shugaban masu aikin ya tsaya a ƙofar masallaci bayan azahar ya gargaɗi maza cewa wannan shafen farko ne, rana na narkar da shi, kada a shanya komai sai an zuba tsakuwa. Baba na cikin sahun gaba, ya ji da kunnensa. Bai ga abin shigar da shi cikin gida ba, zancen shanya ai na mata ne. Na tambaye ta yaushe ta sani. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Tun yammacin ranar da anka yi asarar, matar liman ta hwaɗa min. To ya kike so in yi? Maigida na. Ke kau yarinya ta, na ce kina mancewa."

Bara an sake yi wa layin sabuwar kwalta. Yanzu kowace mace da wayarta a ɗaure a bakin zane, kafin mota ta iso labari ya zaga ɗakuna, ba mai jiran a kawo mata daga masallaci. Na yi murna, kuma na ji wani ɗaci, domin kalma biyar daga bakin Baba da sun bar mana shinkafarmu, da gonarmu, da shi kansa a gida. Na yafe masa, ya riga ya tafi inda sai addu'a. Inna ce nake gaisarwa kowace safiya ina durƙusawa har ƙasa, ina jira ta ce ta yi kuskure. Ta ce zan manta, ni kuwa shekarata tara kawai a lokacin, kuma ban manta ba.