Ƙwallon Dabino Ɗaya Ya Ceci Raina

Shekaru uku da suka wuce ni direba ne a wani kamfanin gine-gine a Riyad, ina zaune a Al-Naseem ɗaki ɗaya da wani ɗan garinmu mai aikin walda. A lokacin ina ji da ƙarfi, ga baki. Ban taɓa kwana a asibiti ba, don haka masu yawan zancen ciwo ragwaye nake ɗaukarsu.

Muna da ƙungiyar 'yan garinmu da ke taruwa Juma'ar ƙarshen kowane wata. Wani dattijo cikinmu ya kawo shawarar a buɗe asusun jinyar gaggawa, kowa ya riƙa sa wani abu, saboda wanda ciwo zai kama alhali tamin ɗinsa, wato inshorar lafiya, ya ƙare. Ni na fi kowa ɗaga jijiyar wuya. Na ce kowa yana da kafili, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, shi ke biyan tamin, a kan me za mu rage abin da muke aikawa gida? Har ba'a na yi wa dattijon, na ce yana kiran ciwo da bakinsa.

A al'adarmu ba ma ɗaga hannu, don kada kunya ta yi wa mutum zaɓi. Bayan an sha gahawa, kowa zai riƙe ƙwallon dabinon da ya ci, ya shiga bayan labule ya jefa a kwanon "eh" ko na "a'a". Kafin ranar na bi mutane ɗaya bayan ɗaya, na tabbata mun yi rinjaye da mutum guda. Da aka juye kwanukan, sai ga masu "eh" sun fi mu da ƙwallo ɗaya. A hanyar gida abokin ɗakina ya ce shi ne ya sauya kwano. Wai a bayan labulen ya tuno wani abokin aikinsa da ya faɗo daga bene, sai ya kasa cika mini alkawari. Wata biyu na daina cin abinci tare da shi.

Daga baya na canza kamfani, takardu ba su kammala ba, tamin ɗina ya mutu. A tsakanin nan ciwon ciki ya turnuƙe ni ta gefen dama. Kwana biyu ina haɗiyar magani a ɓoye, don na san ba ni da abin biyan asibiti, ga kunyar abin da bakina ya faɗa. Rana ta uku bayan azahar abokin ɗakina ya dawo ya same ni a ƙasa ina gumi. Na ce ya bar ni, zai wuce. Ya ce, "Malam, asusun nan bai san kwanon da ka jefa ba. Tashi."

Likita ya ce hanjina ne ya kumbura, saura kaɗan ya fashe. Kafin a fito da ni daga tiyata dattijon ya iso da kuɗin ƙungiya. Ya zauna gefena yana yi mini sannu, bai taɓa tayar da tsohon zance ba, har yau. Wannan shirun ya fi zagi zafi, kuma ina gode masa a kai.

Na gode wa Allah da na faɗi zaɓen nan. 'Yan'uwa, idan aka kawo muku irin wannan ƙuri'a, kada ku duba lafiyar da kuke ciki yau, domin aro ce. Ni da na ci zaɓe ranar nan, da yanzu 'ya'yana marayu ne.