Jirgin da ya kwanta a kan dutse

Shekarar da 'yata ta fari take ajin ƙarshe na sakandare, malamar tarihi ta ce kowace ɗaliba ta kawo wani abu da ta haɗa da hannunta. Ita sai ta zaɓi ta haɗa ƙaramin samfurin wani tsohon jirgin ruwan yaƙin Amurka mai tafiya da iska, wanda aka tura bakin Tarabulus tun Amurka tana sabuwar ƙasa. Ni aikina lodin kaya ne a filin jirgin sama, ban iya ko riƙe zarto ba, don haka na kai ta unguwar Harra ta Gabas wurin Baba.

Baba kafinta ne da ya ajiye aiki. Yana yaro ya ƙetaro teku da iyayensa daga tashar jiragen ruwa ta Sawakin zuwa Jidda, a cikin jirgin katako. Ya sa ta zauna, ya ce ta fara ba shi labarin kafin a taɓa katako.

Ta ba shi, rabi Larabci rabi Hausa. Jirgin ya bi wani ƙaramin jirgin Tarabulus, sai ya hau kan dutsen da ke ɓoye a ruwa. Sojojin ciki suka zubar da igwoginsu, suka sare dogon itacen gaba don ya yi sauƙi, bai motsa ba. Aka kama su. Mutanen gari suka janye jirgin, suka tsamo igwogin. Daga baya Amurkawa suka lallaɓo suka cinna masa wuta don kada a yaƙe su da shi.

"To amarya, a tsaye za ki yi shi ko a kwance?" in ji Baba. Haka yake kiran jikokinsa mata.

"A tsaye mana, ya jaddi," in ji ta, wato kakana da Larabci.

"Kowa ya san jirgi a tsaye. Namu ma ya taɓa hawa dutse kafin mu iso Jidda. Karkacewa yake yi, tukwane su gangara gefe ɗaya, manya su yi tsit."

Sai ta ce a kwance za ta yi.

Duk Juma'a bayan la'asar nakan kai ta. Baba bai yanka mata ko sili ɗaya ba, nuni kawai yake yi da sandarsa. Ta yanke yatsa, ta ɓata katako da yawa, ta yi kuka ranar da gindin jirgin ya tsage. Dutsen da ta ɗora jirgin a kai kuwa baƙi ne, a bayan gidan Baba ta tsinto shi.

Ranar baje kolin, maza ba sa shiga makarantar 'yan mata. Mahaifiyarta ta shiga, ni da Baba muka zauna cikin mota a bakin makarantar, a unguwar Aƙiƙ, ya sa farar rigarsa ta Idi. Da aka tashi, ta fito hannu wayam.

"Ina jirgin?" na tambaye ta.

"Mudira, shugabar makarantarmu, ta ce a ofishinta zai zauna. Ta tambaye ni wa ya koya mini karkata shi haka, na ce kakana ne, ya taɓa gani da idonsa."

Baba ya gyara zaman hularsa, ya ce in bi ta kasuwa mu sayi nama. Da magariba, a ƙofar masallaci, na jiyo shi yana ba tsofaffin unguwa labarin yaƙin Tarabulus, yana cewa jikarsa ce ta karanto.