Kaskon turare a kan teburin tsohuwa

Ko ƙwaƙwalwata ta fara zubar da abubuwa, ranar da na ƙona teburin mutane a Paris ba za ta fita ba. A shekarun casa'in ne, ina sabuwar zuwa daga Damagaram, maigidana yana aiki a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa. Mun kama hayar gida da kayansa a wurin wata tsohuwar Bafaranshiya da ta koma Lyon gun 'yarta. Ta ce mu yi amfani da komai, amma teburin rubutun da ke falo na kakar kakarta ne, amana ta bar mana.

Ni dai tebur na gani. Samansa furanni ne, na ɗauka fenti ne, ashe siraran yankan katako ne masu launi daban-daban aka jera aka manna da hannu.

Wata Juma'a zan yi baƙi, na zuba garwashi a kasko, na barbaɗa turaren wuta, na ɗora a kan teburin da faranti a ƙarƙashi. Gida ya ɗau ƙamshi, aka yi ta yaba ni, ni kuwa sai fasa kai nake. Da suka watse na ɗaga farantin, sai ga baƙin zobe, furanni biyu sun ɗago sun lanƙwashe. Amanar tsohuwa ta tafi, kuma da sunan maigidana aka ba mu gidan.

Dabarar da ta fara zo mini, ina jin kunyar faɗinta: in sayo gam a kanti in manna, in shimfiɗa ƙyalle. Da na faɗa wa maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar Maradi, sai ta riƙe mini hannu. "Ke ƙanwata, kul! Kayan nan masu gyaransa daban ne." Ta kira wani tsohon kafinta da ba ya aikin komai sai tsofaffin kayan katako irin wannan.

Ya zo ya daɗe yana duba wurin. Ya ce gam ɗin da masassaƙan zamanin da suka manna furannin da shi na fata da ƙashi ne, zafi yake sake shi, shi ya sa zai gyaru. Da na sa na kanti da shi ke nan. Har na fara hamdala sai ya ce, "Madam, mai teburin ta sani?"

"In ka gyara ai ba sai ta sani ba."

"To ba zan taɓa ba. A sana'armu ba a gyara a ɓoye wa mai abu."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ce wa Hajiya wannan tsoho ya cika iyayi. Kwana uku ina kumbura, a na huɗu na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon.

Na faɗa wa tsohuwar komai, ban rage ba. Hawaye suka zubo mata, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can ta ce, "Ba zan ce ban ji zafi ba. Amma masu hayar baya, sai sun tashi nake ganin ɓarnarsu. Ke kaɗai kika tako kika zo." Ta rubuta wa kafintan takardar izini, ta ce mu ci gaba da zamanmu.

Wata biyu yana aikin. Ranar da na leƙa shagonsa na tarar yana tsoma yankan katako a cikin yashi mai zafi, don gefen furen ya yi duhu kamar na asali. Ya dube ni ya ce, "Kin ga ni ma ƙonawa nake, amma ni da izini." Na yi dariya duk da kunyata.

Shekara shida muka yi a gidan ina iya haɗa ido da matar nan. Har yau ina gode wa Allah da ya haɗa ni da mutumin da ya ƙi yi mini abin da nake so. Daga gare shi na koyi cewa idan na yi ɓarna, wurin mai abu zan fara zuwa kafin in nemi mai gyara.