Ƙarfen Da Na Miƙa Wa Malam Hadi A Leda

Ban taso a cikin 'yan iska ba, kuma ba don in wanke kaina na fara da wannan maganar ba. Na fara da ita ne don ku matasa ku daina zaton sai mai shaye-shaye ko mai kwana a tasha ke ƙarewa a gidan yari. A Unguwar Hajji ta Karaye aka haife ni, mahaifina manomi ne. Na sauke Alƙur'ani kafin in gama sakandare, daga nan na tafi jami'a na karanci ilimin injuna, na yi bautar ƙasa na dawo gida. Ni mutum ne mai tsoro tun ina yaro, ko gardama ba na iya yi. Duk da haka ta hannuna mutum ɗaya ya rasa ransa, wani kuma, direba mai suna Sunusi, ya kwana arba'in da shida a tsare kan laifin da nawa ne. Har yau idan na faɗi wannan da bakina sai in ji kamar labarin wani nake bayarwa.

Na yi kusan shekara biyu ina yawo da takardu ban samu aiki ba. Sai wani dillalin motoci daga Kano ya buɗe gareji a Karaye, inda ake yi wa motocin da aka saya a wurinsa sabis. Yana neman mai takardar jami'a wanda zai riƙa duba aiki ya sa hannu. Aka ɗauke ni. Aka ba ni tebur da farar riga, kowa ya koma kirana Injiniya. Ranar mahaifiyata har waina ta raba wa maƙwabta.

Babban makanike a wurin shi ne Oga Tanimu. Ya iya aiki, wannan ba zan hana shi ba. A makona na biyu, idan ban manta ba, na gan shi ya zare fulogin wata mota, ya wanke da fetur, ya mayar. Sannan ya nufi wata tsohuwar ganga a bayan gareji, ya tsamo matattun fulogi huɗu ya zuba a leda.

Na ce, "Oga, ai ba a canza ba."

Ya ce, "Farfesa, a jami'arku an koya muku yadda ake cin tuwo?"

A garejinmu na nan, kun sani, mai mota ba ya yarda an canza masa abu sai an miƙa masa tsohon a hannu. Wannan ita ce shaidarsa. To gangar nan cike take da irin wannan shaida, tsofaffin kayan motoci iri-iri da aka tara. Na jikin motar a wanke shi a shafa masa baƙin fenti, mai mota a ba shi na ganga, sabon da aka ce an sa kuwa ya koma kasuwa. Ni aikina in rubuta an canza, in sa hannu.

Ranar na kasa cin abinci. Na ce wa kaina gobe zan bar aikin. Goben ta zo, sai na ce fulogi ne kawai, ba ya kashe kowa. Da aka ba ni kasona na kuɗin kayan da aka mayar kasuwa, na karɓa ina waige-waige. Na yi wa kaina iyaka: fulogi da matatar mai na yarda, amma duk abin da ya shafi birki ko sitiyari ba ruwana. Ina jin na riƙe wannan iyaka wata biyar ko shida. Ba zan iya nuna muku ranar da ta rushe ba. Na dai wayi gari na ga ina sa hannu a kan komai, kuma na daina waiwaye.

Malam Hadi manomi ne a Gwangwan ta ƙasar Rogo, dattijo mai sanyin magana. Ya sayi a-kori-kura a wurin maigidanmu, dillalin nan, don kai gyaɗa da dawa kasuwa. Sunusi ne direbansa, mutum mai barkwanci, ya girme ni da 'yan shekaru. Ana dab da kaka suka kawo motar tare.

Sunusi ya ce, "Injiniya, amaryar nan ta fara raina ni. In na ce dama sai ta yi shawara tukuna."

Oga Tanimu ya shiga ƙarƙashi ya duba. Ya ce ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, wanda suke kira tayarod, ya cinye, sai an canza. Malam Hadi ya ce a sa sabo mai kyau, don mutane ake ɗauka a kan kaya. Suka tafi cikin gari sallar Azahar. Oga Tanimu ya ɗaure tsohon ya matse, ya shafe shi da fenti. Sai aka kira shi wani gyara a hanya, ya ce da ni yana hawa babur, "Ka tsamo musu ɗaya a ganga."

Ban taɓa tsamowa da kaina ba sai ranar. Na duba, na ɗauki wanda ya yi mini kama, na sa a baƙar leda. Da suka dawo na miƙa wa Malam Hadi da hannu biyu. Ya juya ƙarfen yana kallo, ya ce, "Kai, ashe Allah ne ke tsare mu. Allah Ya yi maka albarka, ɗana. Gara ku masu ilimi." Na ce amin. Wallahi na ce amin.

Bayan mako uku labari ya iso gareji da hantsi. Motar Malam Hadi ta taso daga Gwangwan da buhunan gyaɗa za ta kasuwar Rogo, ta saki hanya a wata kwana ta kife. Ƙanin Malam Hadi, Garba, yana zaune a kan kaya. Buhuna suka danne shi, kafin a janye su rai ya yi halinsa. Ya bar mata da 'ya'ya biyar. Sunusi ya fita da karaya a hannu, kuma an tsare shi, don waɗanda ke bakin hanya sun ce gudu yake yi.

Na zauna a kan wata taya. Oga Tanimu ya matso ya ce a hankali, "Kai dai ka san sabo muka sa. Takardarka ma ta faɗa."

Kwana biyu bayan haka 'yan sanda suka kira ni, domin Sunusi ya nace cewa sitiyari ne ya saki a hannunsa. Na tarar da shi a zaune a benci, hannunsa a ɗaure da ƙyalle. Yana ganina fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Alhamdulillahi, ga Injiniya. Injiniya, gaya musu. Ai ka san yadda na kawo ta."

Jami'in ya nuna mini takardar ya tambaye ni ko sa hannuna ne. Na ce nawa ne. Ya ce sabon ƙarfe aka sa? Na ce sabo ne. Ya ce zai yiwu sabo ya saki cikin mako uku? Na ce, a iya sanina, da wuya, sai dai in an yi gudu an faɗa rami. Na faɗi wannan da irin muryar da nake amsa tambayar malami a aji. Jami'in bai yi laifi ba da ya yarda da ni. Ni ne mai takardar jami'a, Sunusi kuwa ko firamare bai gama ba. Ban kalli Sunusi ba, amma na ji ya ce, "Injiniya?" sau ɗaya, bai ƙara ba.

Aka kai shi kotu, aka aika shi gidan yari ya jira shari'a. Ni kuwa na ci gaba da zuwa aiki. Na rame, mahaifiyata ta riƙa jiƙa mini magani tana zaton ciwon shawara ne. Sau uku, ko huɗu, na kama hanyar ofishin 'yan sanda na juyo. Kullum sai in ce wataƙila da gaske gudun yake yi. Wataƙila ko da sabo ne da ya saki. Na je har Gwangwan na yi wa Malam Hadi ta'aziyya, na zauna a tabarma, na ɗaga hannu aka shafa fatiha da ni.

Wata Laraba da rana tsaka sai ga Malam Hadi a gareji, riƙe da buhu. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi aiki, ya tambayi mahaifana, ya tambayi gajiya. Sannan ya zazzage buhun a kan teburina. Ƙarafa biyu ne. Ɗaya a karye, wanda aka ciro daga motar da ta kife, fentinsa ya ɓare, tsatsa ta fito. Ɗayan shi ne wanda na ba shi.

Ya ce 'yan sanda sun sakar masa motar, yana so a ja ta gida, amma tayoyin gaba sun ƙi tsayawa saiti. Sai ya tuna da tsohon ƙarfen da ya ajiye a zaure da niyyar kai wa maƙeri. Ya ɗauko ya ba wani makanike a Rogo ya ɗaura na wucin gadi. Makaniken ya gwada, ya sake gwadawa, ya ce wannan bai taɓa zama a jikin a-kori-kura ba, na ƙaramar mota ce, ya gaza da kusan taƙi guda.

Malam Hadi ya jera su gefe da gefe. Ko makaho ya shafa zai gane. Ni da na yi shekara biyar ina karatun injuna, ban lura ba.

Ya ce, "Ɗana, ni ban yi boko ba. Ka fahimtar da ni. In wannan ba daga motata ya fito ba, mene ne ya fito daga motata?"

Na waiga neman Oga Tanimu, sai na ga babur ɗinsa ba ya nan. Har yau ban sake ganinsa ba.

Na ce, "Baba, babu abin da ya fito. Ba mu canza ba."

Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kuma ka zo ka zauna a tabarmar Garba." Bai ɗaga murya ba. Ya ce in tashi mu tafi, akwai bawan Allah a kulle. Na tashi na bi shi, ko rigar aikin ban cire ba.

Na faɗi komai a gaban 'yan sanda, na maimaita a gaban alƙali. Maigidanmu ya ce bai san da ganga ba, kuma ba ni da hujjar cewa ya sani, don haka ba zan ɗora masa ba. Aka saki Sunusi, aka yanke mini shekara uku. Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ranar da mahaifina ya zo ziyara, ya zauna, ya kasa cewa komai har lokaci ya ƙare, ya tashi ya ce, "Ka riƙa sallah."

Da na fito na yi mako biyu ina jan ƙafa kafin in tafi Gwangwan. Na tarar da Sunusi a gona yana roron gyaɗa. Ya bar tuƙi, hannun bai koma daidai ba. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ajiye ƙwaryar da ke hannunsa ya zauna a kan kunyar gonar.

Ya ce, "Ka san abin da ka yi mini? Ba kullewar ba ce. Da ka ce sabo ne, sai na yarda da kai. Na ce Injiniya ba zai yi ƙarya ba, ashe ni ne na yi gudu ban sani ba. Kullum a gidan yarin nan ina roƙon Allah Ya yafe mini kisan Garba. Tare muka taso da Garba, Malam. Har aikawa na yi a gaya wa matarsa ni ne."

Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba, ko sau ɗaya a shekara ukun nan. Na zaci na tsare masa jiki ne kawai.

Ya ce, "Nawa na yafe, don ina son in huta. Na Garba ba nawa ba ne. Ga gidan can, mai bishiyar darbejiya."

Na je. Matar Garba ta saurare ni daga bayan labule har na gama. Ta ce ta ji, amma babban ɗansu bai kai ya yanke magana ba tukuna, in ya girma in dawo in faɗa masa da bakina. Shekararsa goma sha ɗaya yanzu. Ina gyaran injin ban-ruwa a Karaye, ina jira, kuma ban san abin da zai ce mini ba.

Ku 'yan'uwana matasa, musamman ku da kuka yi karatu kuna neman aiki ido rufe, ban isa in yi muku wa'azi ba, amma ku ji wannan daga wanda ya gani. Za a ba ku tebur, a ba ku biro, a ce ku sa hannu kawai, abin ƙarami ne. Ku tashi ku je ku duba da idonku. In ba a yi ba, kada ku rubuta an yi, ko da aikin zai tafi. Mutanenmu na ƙauye suna yarda da mai ilimi fiye da yadda suke yarda da kansu, kuma na ga inda wannan yardar ke kai mutum. In kuma har kun riga kun yi kuskuren, aka kira ku aka tambaye ku a gaban wanda za a kulle, ku faɗi gaskiya a ranar, tun a tambayar farko. Ni na samu wannan damar, Sunusi yana zaune a benci yana murnar ganina, na bar ta ta wuce. Allah Ya jiƙan Garba, Ya sa ku fi ni ƙarfin zuciya.