Yarinyar da Ta Gaishe da Hedimasta a Tsaye

Wata rana, a wata makarantar firamare a Funtuwa, aka kawo sabuwar ɗaliba aji huɗu.

Sunanta Uloma, shekararta tara. An yi wa babanta, malamin asibiti, canjin wurin aiki daga Umuwahiya.

Kwananta uku a makarantar ta ci karo da hedimasta, Malam Sha'aibu, a bakin ofis. Ta tsaya ƙyam, ta yi murmushi, ta gaishe shi da ƙarfi.

A tsaye.

Shi ke nan fa! Malam ya ce wannan raini ne. Ya yanke mata bulala shida, gobe da safe, a gaban 'yan makaranta kaf.

Da labarin ya iske malamar ajinsu, Malama Baraka, sai ta tuna yarintarta.

Ita ma fa ta sha irin wannan. Babanta Bagumale ne mai aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarta Bayarabiya 'yar Ofa. Duk inda aiki ya jefa uban, nan za ta shiga sabuwar makaranta.

A Inugu ta durƙusa wa malami, ya ce ta tashi, ko bara ta zo yi? Ta koyi tsayuwa.

A Ibadan ta gaida malama a tsaye, ta sha tsumagiya. Ta koyi zubewa gwiwa biyu.

A Zariya ta zube gwiwa biyu tana cewa "Ma", aji ya kwashe da dariya, aka laƙaba mata 'Yar Yarbawa har ta gama.

Gari uku, laifi uku, alhali ladabi take yi duka.

Shi ya sa da ta zama malama ta ɗaukar wa kanta doka: ba ta hukunta yaro sai ta tambaye shi, "A gidanku yaya ake yi?" In ya faɗa, ta nuna masa yadda ake yi a nan.

Malama Baraka ta shiga ofis, ta durƙusa, ta gaishe da hedimasta.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba raini ta yi ba. Haka take gaida ubanta. A ba ni kwana biyu in koya mata, don Allah."

Malam Sha'aibu bai ko ɗago ba.

"Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ke kuma, Malama, ai ban yi mamaki ba. Ruwa biyu ina ta san tarbiyyarmu?"

Ruwa biyu!

Shekara goma sha ɗaya tana koyar da 'ya'yan garin, biyu daga ciki ma nasa ne. Ashe har yau baƙuwa ce. Maganar ta soke ta, ta fito.

Ta je ta gaya wa Uloma laifinta, ta koya mata durƙuso, ta kai ta ofis ta ba da haƙuri.

Ina! Malam ya ce hukunci ya riga ya fita.

Da safe aka zane yarinyar nan tas. Malama Baraka tana tsaye a layin malamai, tana ƙirga bulalar da cizon leɓe.

Bayan mako guda, kowa yana yaba Uloma. Ko masinja ta gani sai ta kai ƙasa. Hedimasta har bugun ƙirji yake, wai bulala ta yi aiki.

Aiki kuwa ta yi.

Ran Litinin, a darasin lissafi, Malama Baraka ta rubuta tambaya a allo. Ta san Uloma ta iya, don ta ga amsar a littafinta. Ta kira sunanta a hankali.

Uloma ta zabura, ta sulale daga benci, ta durƙusa a ƙasa, kai a sunkuye.

Ta ce, "Malama, a yi haƙuri."

Wallahi abin nan yana ƙona mini rai.

Darasi: Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kafin ka ɗaga wa yaro bulala, tambaye shi abin da aka koya masa a gida. Mai yiwuwa abin da ka kira raini shi ne iyakar ladabin da ya sani.

Tura wa duk malamin da ka sani, musamman mai saurin hannu.